Bishara da Harshen Mai Sauraro

A wurin Kirista, yaɗa bishara umurni ne daga Almasihu. Sai dai umurnin yana tafe da wani nauyi wanda masu wa'azin zamani kan manta da shi, watau sanin harshen wanda ake kira.

Magabatansu ba su yi wannan sakaci ba. Schön ya zauna da Dorugu a Ingila yana rubuta Hausa daga bakinsa, har aka buga Magana Hausa a 1885. Likita Mila kuwa, da Sarkin Kano Alu ya sallami ayarinsu a 1900, bai yi zuciya ba. Ya zauna Zariya tun 1905, ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Waɗanda suka karɓi addininsa a birnin ƙalilan ne, amma ko masu musu da shi da Hausa suka yi musun, ya kuma fahimce su.

Mai bisharar da ya kafa lasifika a bakin kasuwa yana ta zuba Turanci, tafinta na biye da kame-kame, bai sauke nauyin nan ba. Jama'a su ji amo su wuce, shi kuwa ya koma gida yana cewa sun ƙi.