Haƙƙin Mai Keken Ɗinki: A Yi Jinga Kafin A Sa Almakashi

Da wuya mutum ya ratsa wani lungu a Kano ko Zariya ko Katsina bai jiyo ƙarar keken ɗinki tana fitowa daga cikin wani gida ba. A kan wannan keken akwai wata baiwar Allah, ko dai matar aure ce mai tallafa wa mijinta, ko wadda miji ya rasu ya bar ta da marayu, ko budurwa mai taimakon iyayenta wajen tara kayan ɗaki. Ita ake kai wa atamfar uwargida, da hijaban ɗaliban Islamiyya, da ankon biki, da kayan fitar suna. Abin takaicin shi ne, sai a iske ɗan uwa wanda zai iya shafe awa guda yana bayani a kan zaluncin masu mulki, amma ga kuɗin ɗinkin wata baiwar Allah a wuyansa tun Ƙaramar Sallah, har Layya ta ƙarato, ko a jikinsa.

Tushen matsalar shi ne rashin sanin matsayin wannan mata. Malaman Fiƙihu a babin Ijara sun kasa wanda ake ɗauka aiki gida biyu. Akwai Ajirun Khas, wato wanda aka sayi lokacinsa, kamar yaron shago ko mai gadi, ko kamar yadda Suratul Ƙasas ta ba da labarin Annabi Musa (AS) da dattijon Madyana, inda suka yanke shekara 8, in ya so ya cika 10. Akwai kuma Ajirun Mushtarak, wato mai sana'ar da ya buɗe ƙofarsa ga kowa, kamar maƙeri da marini da tela. Shi wannan aikinsa ake saya, lokacinsa kuwa nasa ne. To tela mai ɗinki a ɗakinta tana cikin kashi na biyu. 'Yar kwangila ce mai cin gashin kanta, ba baranyar kowa ba ce. Saboda haka wanda ya kai mata turmi guda ba shi da hurumin ya ce ta ture kayan mutane ta fara da nasa, ko ya riƙa aiko yaro safe da yamma kamar shi ke ci da ita.

Ita ma dokar ƙasa ta yi wannan bambancin. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 na ma'aikacin da ke ƙarƙashin ubangida ne, bai shafi mai karɓar lada a kan kowane aiki ba. Ita ba ta da albashin ƙarshen wata, ba wanda ke tara mata fansho, ranar da ta kwanta ciwo ko ta haihu kuwa keke ya tsaya, samu ya tsaya. Sannan keken nata ne, in ya lalace ita ke biyan mai gyara. Zare da allura da zif da maɓalli da shafi da gawayin guga duk daga aljihunta suke fita, ga kuɗin motar zuwa kasuwa da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Ashe ke nan abin da ake kira kuɗin ɗinki, kashi mai yawa a cikinsa uwar kuɗinta ce da ta riga ta kashe tun kafin mai kaya ya miƙa ko kwabo.

Ga kuma wani nauyi da Shari'a ta ɗora mata wanda 'yan uwa da yawa ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓanta da su a shagonsa ko gidansa, lamuni yana kansa in sun salwanta. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya wuce ta kan wannan mas'ala. Ma'ana, in leshin amarya ya ɓace a hannunta, ko dutsen guga ya ƙona shadda, ita za ta biya, sai fa in an sami shaidar cewa kayan sun halaka ba da sakacinta ba. Malamai sun yi wannan ne don kare dukiyar jama'a. To ina adalci a ce ita an ɗaure ta da lamuni har na yadi guda, amma shi mai kaya ya sake, ya biya ran da ya ga dama, abin da ya ga dama?

Hanyoyin da ake bi a ci haƙƙinta sanannu ne. Akwai mai aiko da kaya ya ce, "Ki ɗinka kawai, ma daidaita." Sai an gama, ta faɗi kuɗinta, ya ce ai bai san abin zai kai haka ba, alhali yadi ya riga ya yanku, zare ya riga ya shiga. Wannan jahiltar lada ce, kuma sanin lada tun farko sharaɗi ne a Ijara. Akwai mai fakewa da zumunci ko 'yan uwantaka. Za a ɗinka wa ɗalibai hijabi hamsin na walimar sauka, sai a ce mata, "Malama, aikin Allah ne, a yi mana sauƙi." Amma da aka je Kantin Kwari sayen yadin ba wanda ya ce wa Alhaji mai shago aikin Allah ne, lakadan aka biya shi. Mai hayar kujeru ya karɓi nasa, mai lasifika ya karɓi nasa, sai ita da aka san kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba. In ta yi rangwame don raɗin kanta, ladanta yana wurin Allah. In kuwa kunya aka sa ta, to abin da aka rage ɗin bashi ne.

Mafi muni shi ne mai karɓe kaya ya ce za a aiko. Ita mace ce a cikin gida, ba za ta iya zuwa majalisarsa ta tsare shi ba, iyakarta ta aika yaro, a ce masa Malam ya fita. Ɗan uwa ya tuna cewa a cikin mutum uku da Hadisin Ƙudusi na Sahihul Bukhari ya ambata, waɗanda Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, har da wanda ya ci moriyar ɗan ƙodago ya hana shi ladansa. Wal'iyazu billah.

Maganin abin ba shi da wuya. Kafin almakashi ya taɓa yadi a yi jinga. A faɗi irin ɗinkin da ake so, da yawan kayan, da kuɗin kowane ɗaya, da wanda zai sayi shafi da kayan ado, da ranar karɓa. A ba ta kafin alƙalami wanda zai ishe ta sayen kayan aiki, kada ta ci bashi don rigar wani. A yi maganar ragowar ƙyalle, domin na mai kaya ne sai in ya yafe. In an sauya ra'ayi bayan ta yi nisa, a san cewa farke ɗinki aiki ne, yana da ladansa. Tun da yake galibi ɗan uwa ba ya ganawa da ita, matarsa ce ko ƙanwarsa ko yaro ke kai saƙo, to a rubuta a 'yar takarda ko a tura ta waya, kowa ya riƙe nasa. Kada wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ranar karɓar kaya kuwa, kuɗi a hannu, kaya a hannu.

Su ma masu ɗinki akwai gyara a wajensu. Ba banza ba alkawarin tela ya zama abin zolaya a bakin mutane. Wadda ta san kekenta ba zai iya fitar da kaya talatin kafin Sallah ba, kada kwaɗayin kafin alƙalami ya sa ta karɓi sittin, ta bar 'ya'yan mutane suna kuka ranar Idi. Kada ta rage yadi ta ce bai isa ba, kada ta miƙa wa 'yar koyo kayan da aka ce hannunta ake so. Amma laifin wata tela ba ya halatta wa kowa kuɗin wata.

Sana'ar hannu ga mace abin girmamawa ce. Uwar Muminai Zainab bint Jahash (RA) da hannunta take aikin fata, ta yi sadaka da abin da ta samu. Duk ɗan uwan da ya san akwai sauran kuɗin ɗinki a kansa, to daga masallacin nan kada ya zarce majalisa. Ya lissafa, ya ba iyalinsa su kai mata yau, a haɗa da ba ta haƙuri a kan jinkirin da aka yi. Allah Ya sa a gama da duniya lafiya, ba tare da haƙƙin kowa ba.