Cutar Noma: Ma'aunin Aikin Sa Ido na Ɗan Majalisa a Sakkwato

A birnin Sakkwato akwai wani asibiti wanda ba kowane mazaunin garin ne ya taɓa leƙa shi ba, wato Asibitin Yara Masu Cutar Noma, wanda aka kafa a shekarar 1999. A nan ne ake kawo yaran da cuta ta cinye wa kunci ko leɓe ko hanci, daga ƙauyukan jihar da maƙwabtanta, domin a yi masu tiyata. Tun shekarar 2014 ƙungiyar Likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, take tallafa wa aikinsa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, duk ɗan majalisar da ke son ya san ko manufofin gwamnati kan lafiya da kula da haƙora da muhalli suna isa ga talaka, to ya fara bincikensa daga ƙofar wannan asibiti. Kowane yaro da aka kwantar a cikinsa shaida ne na cewa waɗannan manufofi uku sun kuskure gida ɗaya a lokaci ɗaya.

Sunan cutar ba shi da dangantaka da noman da Bahaushe ya sani. Daga harshen Girkanci ya fito. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, kuma takan fara ne da abin da ba ya tayar da hankalin kowa: kumburin dasashi da zubar jini da warin baki. Idan yaron yana fama da tamowa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, sai ciwon ya zarce zuwa kunci, nama ya ruɓe, cikin 'yan kwanaki ya huda fuska har ya kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita a kowace shekara, kuma kusan tara daga cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba suna rasuwa. Ke nan waɗanda ke isowa asibiti su ne 'yan ƙalilan da suka tsira. Abin takaicin shi ne, a matakin farko ana iya tare ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha da kurkure baki da abinci mai gina jiki.

Tarihin cutar a wasu ƙasashe yana nuna inda tushenta yake. An san ta sosai a Turai a ƙarnonin baya, amma ta yi ta ja da baya tun kafin a gano magungunan kashe ƙwayoyin cuta, saboda abinci ya wadata, ruwan sha da gidaje sun inganta. Ta sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda yunwa da cunkoso da ƙazanta suka haɗu. Saboda haka maganar noma ta wuce ɗakin tiyata. Ta shafi asibitin matakin farko da ya kamata ya yi wa yaro rigakafin ƙyanda, ta shafi ma'aikacin da ya kamata ya buɗe bakin yaron ya duba, ta kuma shafi gidan da turken dabbobi da randar ruwa da wurin kwanan yara suke tsakar gida ɗaya.

Nijeriya ta yi abin a yaba a fagen duniya. Ita ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haka a watan Disamba na 2023. Sai dai amincewar da aka yi a Jiniba ba ta duba bakin yaro a Tangaza ko Isa ko Kebbe. Wannan aiki ne na jiha da ƙananan hukumomi, kuma a nan ne nauyin ɗan majalisa ya shigo.

Sashe na 16 da na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ɗora wa hukuma alhakin samar wa jama'a matsuguni da abinci da wuraren kiwon lafiya. Amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babi. Ma'anar haka ita ce, mahaifin yaron da noma ta ɓata wa fuska ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara bisa waɗannan sassa. Ƙofar da ta rage masa ita ce majalisa. Sashe na 128 da na 129 sun ba Majalisar Dokokin Jiha ikon bincikar yadda ake aiwatar da dokokinta da yadda ake kashe kuɗin da ta amince da su, da ikon kiran jami'i ya zo ya ba da bayani, da neman takardu a hannunsa. Mutum 30 ne ke riƙe da wannan iko a Sakkwato a madadin ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244.

To, me ya kamata su tambaya? A ɓangaren lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Haƙƙin ɗan majalisa ne ya san nawa ne ya iso cibiyar da ke mazaɓarsa, yaushe ya iso, kuma me aka saya da shi. Haka nan shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Abin dubawa ya haɗa da adadin da aka rubuta a kasafi da kuma adadin da aka fitar a zahiri, domin sau da yawa tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

A ɓangaren haƙori, wanda ke cikin birni yana iya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Mutumin karkara kuwa yakan dogara ne da asuwaki da kanumfari, idan abin ya ta'azzara ya nemi mai cire haƙori a kasuwa. Ya dace majalisa ta nemi jerin likitocin haƙori da gwamnatin jiha ke biya albashi da wurin da kowannensu yake aiki, ta kuma tambayi ma'aikatan cibiyoyin matakin farko nawa aka koya wa gane alamomin noma. Ya kamata kuma a fayyace ko tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha yana ɗaukar nauyin jinyar haƙori, kuma zuwa wane mataki.

A ɓangaren muhalli, idan aka ce manufar gidaje, abin da ke zuwa a zuciya shi ne rukunan gidaje irin na Bado da Kalambaina da Arkilla. Waɗannan suna da amfaninsu, amma mai albashi ne ya fi cin gajiyarsu. Iyalin da noma ke shiga gidansu buƙatarsu ita ce rijiya mai tsabta da makewayi da magudanar ruwa da fili wanda ba ya kan hanyar ambaliya, irin wadda ta raba dubban mutane da gidajensu a jihar nan a 2010. Tambayar ɗan majalisa a nan ita ce: kashi nawa na kuɗin gidaje ke zuwa ga gina sababbin rukunai, kashi nawa ke zuwa ga gyara inda talakawa suke zaune tuni?

Matsalar ita ce waɗannan tambayoyi a rarrabe suke tsakanin kwamitoci da ma'aikatu, kowa yana kallon nasa fayil. Shawarata ita ce kwamitocin da ke kula da lafiya da gidaje da ruwan sha su yi zaman haɗin gwiwa na sauraron jama'a sau ɗaya a shekara, kafin a amince da kasafi, kuma a gayyaci waɗanda suka tsira daga cutar su yi magana da bakinsu.

Wani zai ce ciwon haƙori ƙaramin abu ne a jihar da mata ke mutuwa wurin haihuwa, 'yan bindiga kuma suka tarwatsa ƙauyuka a gabashinta. Amsar ita ce abin da ke kawo noma shi ne ke kashe yara ta wasu hanyoyin, wato yunwa da rashin rigakafi da gurɓataccen ruwa, kuma gudun hijira yana ƙara su duka. Wani kuma zai ce masu zaɓe ba sa tambayar ɗan majalisa abin da ya bincika, sai abin da ya raba. Wannan gaskiya ne, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma buhun shinkafa yana ƙarewa cikin mako, alhali tambaya guda da ta sa aka tura ma'aikaci cibiyar ƙauye tana amfanar mazaɓa shekaru.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Sakkwato. A cikin Usulus Siyasa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa masu magani cikin masu sana'o'in da ya wajaba shugaba ya kula da su, ya kuma tabbatar ana samun su a garuruwa da ƙauyuka. Abin da nake nema daga majalisa bai wuce bin diddigin wannan wajibi ba.

Mu manazarta Hausa ma muna da namu rabo. A wasu wurare ana kiran cutar ciwon iska, wasu kuma su ce ciwon daji. Uwar da aka gaya wa cewa iska ce ta taɓa ɗanta za ta fara nufar mai maganin gargajiya, kuma kwanakin da ake iya ceton yaron su wuce. Aikinmu ne mu tattara sunayen cutar a karin harshen Sakkwatanci da maƙwabtansa, mu daidaita kalmomin da za a yi faɗakarwa da su, mu kuma matsa a riƙa fassara kasafin lafiya da rahotannin kwamitoci zuwa Hausa, a boko da ajami, a karanta su a rediyo. Mai zaɓen da ya ji da kunnensa nawa aka ware wa cibiyar garinsu zai san abin da zai tambayi wakilinsa idan ya dawo neman ƙuri'a.