INA YA KAMATA MAGIDANCI YA KAFA GIDANSA? DARASI DAGA SAJI DA ƘASAR RANO

Da zarar an gama girbi a ƙasar Rano, an ɗaure dawa, an kai gyaɗa da waken suya kasuwa, magidanta da dama sukan zauna su yi lissafin abin da za su yi da ɗan abin da ya rage a hannunsu. Wani ya ƙara aure, wani ya sayi shanun huɗa, wani kuwa ya nemi fili ya kafa harsashin gida. A 'yan shekarun nan shawarar gina gida ta ƙara nauyi ƙwarai, domin bayan kuɗin bulo da kwano da siminti, akwai wata tambaya da ke gaban kowane mai iyali, watau a ina za a kafa gidan yadda yara za su iya takawa da ƙafa su je makaranta mai malamai, su kuma komo gida lafiya?

Saji ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Rano, wadda ke maƙwabtaka da Kibiya a kudancin Jihar Kano. Bisa ƙidayar 2006, Rano tana da mutum kimanin 145,000, Kibiya kuwa kimanin 137,000, kuma babu shakka jama'a sun ƙaru da yawa tun daga lokacin. Mutumin Saji da ya tara kuɗin gini yana da hanya uku a gabansa. Ko dai ya yi gini a mahaifarsa kusa da gona da dangi, ko ya nemi fili a cikin garin Rano ko Kibiya inda hedkwatar hukuma take, ko kuwa ya bi sahun dubban mutanen karkara da ke sayen filaye a gefen birnin Kano. Kowace hanya tana da ribarta, tana kuma da abin da za ta ci wa yara.

TSARIN DA AKA GADA

Tun asali garin Bahaushe gari ne na tafiyar ƙafa. Rano, wadda ke cikin Hausa Bakwai, an gina ta ne a cikin ganuwa kamar sauran tsofaffin birane, inda masallaci da kasuwa da rijiya da makarantar allo duk suke kusa da ƙofar gida. Yaro yakan fita da allonsa da asuba, kowane dattijon da ke zaune a zaure ya san ɗan wane ne, in ya kauce hanya a tsawata masa. Abin sha'awa shi ne a shekarar 2020 hukumar birnin Faris ta ƙasar Faransa ta rungumi wani tsari da ake kira birnin minti 15, wanda manufarsa ita ce kowane mazaunin birni ya sami makaranta da asibiti da kanti cikin tafiyar minti 15 daga gidansa, da ƙafa ko a kan keke. Abin da Turawa ke kashe kuɗi suna nema ke nan, alhali kuwa ƙasar Hausa ta gaje shi tana sakaci da shi.

Ilmin zamani ya fara bin wannan tsari ne sosai a watan Satumba na 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. A lokacin ne aka baza azuzuwa a ƙauyuka da yawa waɗanda da can sai yaro ya tafi garin hakimi kafin ya ga allon bango. An sake sabunta shirin a 1999 da sunan UBE, aka kuma yi masa doka a 2004 wadda ta wajabta karatun shekara 9, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. A 2019 Gwamnatin Jihar Kano ta Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta shelanta ilmi kyauta kuma dole har zuwa sakandare. A kan takarda dai ɗan Saji da ɗan Nasarawa cikin Kano haƙƙinsu ɗaya.

ABUBUWA UKU DA SUKA SAUYA LISSAFI

Na farko shi ne tsadar sufuri. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. A ɗauki misalin magidanci mai 'ya'ya biyar 'yan makaranta, a ce kowane yaro zai biya Naira 200 zuwa, Naira 200 dawowa. Kuɗin rana ɗaya Naira 2,000 ke nan, na kwana 20 na karatu a wata kuwa Naira 40,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 Naira 71,000 ne. Watau fiye da rabin albashin ƙaramin ma'aikaci zai tafi a kan hanya kafin a yi maganar littafi ko tuwon dare. A gidan da ba a iya ɗaukar wannan nauyi, abin da kan faru sananne ne: a zaɓi wasu yara su ci gaba, wasu su zauna, kuma galibi 'ya'ya mata ne ake fara zaunarwa.

Na biyu shi ne raunin makarantun kwana. A da, mutumin karkara ba ya damuwa da nisan sakandare, domin in ɗansa ya ci jarrabawa gwamnati za ta ɗauke shi ta ba shi wurin kwana da abinci. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa a 1977, sun yaye 'ya'yan talakawa masu yawa da suka zama likitoci da injiniyoyi. To, amma bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da Kagara da Jangebe a watan Fabrairu na 2021, Gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana da ke bayan gari don gudun irin wannan masifa. Ko da aka sake buɗe makarantu, zukatan iyaye da yawa ba su koma yadda suke ba. Saboda haka sakandaren jeka-ka-dawo da ke kusa da gida ta sami daraja irin wadda ba ta da ita a da.

Na uku shi ne halin da makarantun gwamnati kansu suke ciki. A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, inda ya bayyana cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama don rashin kujeru, kuma akwai ɗaruruwan makarantu da malami ɗaya tak yake riƙe da su. Gwamnatin ta ware wa ilmi wajen kashi 30 daga cikin 100 na kasafin kuɗinta na 2024 da na 2025, aka kuma shiga gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai. Wannan abin yabo ne, amma ya tabbatar da cewa ganin ginin makaranta kusa da gida bai isa hujja ba. Tsarin ilmi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, ajin da ke da yara 100 kuwa sunan makaranta kawai yake ɗauke da shi.

AUNA HANYOYIN UKU

Wanda ya zaɓi gefen birnin Kano yakan yi haka ne da zaton cewa makarantu masu kyau a can suke. Akwai gaskiya a ciki, domin manyan makarantu da ƙwararrun malamai sun fi taruwa a birni. Sai dai filin da kuɗin manomi ko ƙaramin ma'aikaci zai iya saya ba a tsakiyar birni yake ba. Yawanci a unguwannin awon igiya ne, inda mai gona yake yanka gonarsa ya sayar ba tare da tsarin hukumar tsara birane ta KNUPDA ba. A irin wannan awo ba a barin filin makaranta, ba a barin na asibiti, wani lokaci ko hanyar da mota za ta shiga ba a bari, balle magudanar ruwa. Sakamakon haka sai yaro ya tsallaka babban titi irin na Zariya don ya kai makarantar gwamnati da ta riga ta cika maƙil, ko kuwa uba ya biya kuɗin makarantar kuɗi da aka buɗe a cikin gidan haya. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin tun 2013, don haka A Daidaita Sahu ce abin hawa, ita kuwa ba ta san ɗan makaranta ba. Unguwannin da aka tsara da kyau, irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015, farashinsu ya fi ƙarfin mai sayar da buhun dawa.

Wanda ya zauna a ƙauyensu kuwa yana da abubuwan da ɗan birni ke kwaɗayi. Fili yana da sauƙi ko ma na gado ne, abinci daga rumbu yake, yara suna gaban kakanninsu, hanyar firamare ba ta da haɗarin manyan motoci. Matsalarsa tana farawa ne daga aji shida. In sakandare tana nesa da tafiyar sa'a guda, yaro namiji zai iya jurewa da keke, amma iyaye kaɗan ne za su yarda budurwa ta riƙa ratsa gonaki ita kaɗai safe da rana, musamman da damina sa'ad da dawa ta rufe hanya, rafuka kuma suka kawo ruwa. Bugu da ƙari, malamin da aka turo daga nesa, wanda ba shi da wurin kwana a garin, shi ma tsadar mai ta shafe shi, sai ya riƙa zuwa kwana biyu ko uku a mako.

Tsakanin waɗannan biyu akwai garuruwa irin su Rano da Kibiya. A nan ne ofishin ilmi na ƙaramar hukuma yake, don haka idon masu duba makarantu ya fi kaiwa. A Rano akwai babban asibiti, akwai makarantun sakandare, akwai kuma reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano mai koyar da fasahar karkara da sana'o'i. Garin bai yi girman da zai gagari tafiyar ƙafa ba, mai gona a Saji kuma zai iya zama a can bai rabu da gonarsa ba. Masarautar Rano da aka kafa a 2019, aka rushe a watan Mayu na 2024, sa'an nan aka maido da ita a matsayin mai daraja ta biyu a kan Rano da Bunkure da Kibiya, ta ƙara jawo hankalin masu gini zuwa garin. Hatsarin da ke nan shi ne kada awon igiya ya biyo su, garin ya faɗaɗa babu tsari, a maimaita kuskuren da aka yi a gefen Kano.

ABIN DA YA KAMATA A DUBA

Hausawa sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. A yau ya kamata a haɗa da makaranta. Kafin magidanci ya biya kuɗin fili, ya dace ya taka da ƙafarsa daga filin zuwa firamare da sakandare mafi kusa, ya tuna cewa tafiyar da babba zai yi cikin minti 20 za ta ci ɗan shekara shida fiye da haka. Ya yi wannan tafiya da damina, domin hanyar rani takan yaudari mai saye. Ya ziyarci makarantar ranar karatu ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga malaman da ke cikin aji, ya duba ko akwai ruwan sha da makewayi na 'yan mata dabam, ya kuma sa wani ɗan aji huɗu ya karanta masa layi biyu na Hausa. Ya tambaya ko kwamitin iyaye da al'umma na makarantar yana zama. Game da filin kansa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a wuraren da ba a ayyana su birane ba. Shaidar mai unguwa da dagaci tana da amfani, amma takardar hukuma ce ke tsayawa a gaban alƙali.

Duk da haka, ba daidai ba ne a bar wa magidanci wannan nauyi shi kaɗai. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma ilmin firamare yana cikin ayyukan da tsarin mulki ya ba su hannu a ciki. Ya kamata hukumomin Rano da Kibiya, tare da masarauta, su hana yanka kowace gona don gidaje sai an ware filin makaranta da hanya, su kuma kare filayen makarantun da ake da su daga masu cin iyaka. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta sa gina ƙananan sakandare a mazaɓu irin su Saji gaba da ƙawata waɗanda ke bakin titi, ta gina wa malamai gidaje, ta kuma fifita 'yan asalin yanki wajen ɗaukar aiki. Motocin da gwamnati ta tanada don kai 'yan mata makaranta a birnin Kano, 'yar ƙauye ta fi kowa bukatar irinsu.

In aka yi haka, mutumin Saji ba zai sayar da gonar gado don ya sayi rabin fili a bayan Kano ba, birnin ma zai sami sauƙin cunkoso. In kuwa aka bar al'amarin yadda yake, masu hali za su ci gaba da ƙaura, a bar 'ya'yan marasa hali da makarantun da babu mai tsaya musu.