Yadda Kabewar Ƙauye Ta Shiga Tukunyar Makaranta a Birazil

Shekaru da dama, ɗan makarantar ƙauye a Birazil kan ratsa gonakin rogo da ayaba da kabewa kafin ya isa aji, amma in lokacin cin abinci ya yi, abin da ake zuba masa a kwano daga gwangwani ko leda ya fito. Ciyar da ɗalibai tsohon abu ne a can, tun 1955 gwamnati ta soma shi, da madarar gari ta agajin ƙasashen waje. Daga babban birni ake sayen kaya a rarraba, kuma duk abin da zai yi irin wannan doguwar tafiya dole ya zama busasshe. Tumatir ba ya jure ta.

A 1994 aka fara tura kuɗin ga jihohi da ƙananan hukumomi. An rage nisa, sai dai an bar tsarin kwangila yadda yake: a yi talla, a kawo takardu, wanda ya fi araha ya ci. Manomin da ke da ɗan lambu a bayan makaranta ina zai iya karawa da babban dillali?

Sai a 2009, zamanin Shugaba Lula, aka yi doka mai lamba 11.947. Ta ce duk kuɗin da asusun ilimi na tarayya, FNDE, ya aika don ciyarwa, aƙalla kashi 30 cikin ɗari a wurin ƙananan manoma za a kashe shi. Wannan adadin shi ne ya yi suna a duniya. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne an cire wa manoman nan gasar kwangila. Hukuma ce ke fitar da sanarwa: muna buƙatar kilo kaza na karas, kaza na gwanda, a makaranta kaza, ranar kaza, ga kuma farashi. Farashin an riga an yanke shi daga abin da ake sayarwa a kasuwannin yankin, har da kuɗin kaiwa. Tunda ba a neman wanda zai karya farashi, sai a duba wanda ya fi kusa. Manomin garin shi ne kan gaba, ana kuma fifita ƙabilun asali, da zuriyar bayin da suka tsere suka kafa ƙauyukansu, da waɗanda aka raba wa gonaki. An kuma sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai sayar a shekara, don kada mai ƙarfi ya kwashe kasuwar da sunan talaka.

Kuɗin kansa bai taka kara ya karya ba. A 2023, bayan ƙarin da aka yi, rabin real ne, kuɗin Birazil, tarayya ke bayarwa a lokacin kan kowane ɗan firamare a rana, jihohi da ƙananan hukumomi su cika sauran. Amma ɗalibai wajen miliyan 40 ake ciyarwa, kwana 200 a shekara. Manomin da ya san makaranta za ta karɓi latas ɗinsa kowane mako zai yi ƙarfin halin haƙa rijiya.

Jadawalin girki kuma ba shugaban makaranta ke tsara shi ba. Doka ta ɗora shi a wuyan masanin abinci mai gina jiki, wanda dole ya yi la'akari da abin da yankin ke nomawa da lokacin nunarsa. Ƙa'idar 2020 ma ta ƙayyade cewa ɗalibin da ke yin rabin yini ya samu aƙalla giram 280 na ganye da 'ya'yan itace a mako. Kowace ƙaramar hukuma tana da majalisar sa ido, da iyaye da malamai a cikinta.

Ba ko'ina abin ya tafi sumul ba. Ƙananan hukumomi da yawa sun shafe shekaru ba su kai kashi 30 ɗin ba. Wani manomin ba shi da takardar shaidar zama ƙaramin manomi, wani ba shi da motar kai kaya, wata makarantar ba firji. A jihar Amazonas abin ya zama kamar almara: a ƙauyukan da sai an yi kwanaki a kwale-kwale kafin a isa, yara na cin kifin gwangwani a bakin kogi, saboda dokar duba lafiyar abinci ta hana makaranta sayen kifi da garin rogon iyayensu. Sai a 2017, bayan ofishin masu gabatar da ƙara na tarayya ya shiga maganar, aka yarda cewa abincin da al'umma ta saba ci a gida za a iya saye a ba 'ya'yanta.

Labarin ya iso mu ba tun yau ba. Nijar na cikin ƙasashe biyar da aka gwada irin wannan saye daga manoma da taimakon Birazil daga 2012, kuma a Yamai aka yi bikin farko na ranar ciyar da ɗalibai ta Afirka, 1 ga Maris 2016. A shekarar ce Nijeriya ta ƙaddamar da nata shirin, naira 70 kan kowane yaro, ana tura kuɗin asusun masu dafawa. Ba laifin mai dafawa ba ne in ta nufi shagon da shinkafa ta fi araha, lissafinta take yi. Abin da nake son gani shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ƙaramar hukuma da ƙungiyar masu noman rani, da farashi da ranar kaiwa a jiki. A Kwanar Gafan da ke Kano, lokacin da tumatir ya yi ambaliya, kwanduna kan ruɓe a bakin titi kafin motar Legas ta cika, ga kuma makarantun firamare zagaye da wurin.