Karatu Ba Tsere Ba Ne

Akwai wata cuta da ke kama mutanenmu da zarar sun fito daga ajin manya da takardar shaida a aljihu. Sai ka ji mutum yana alfahari wai ya gama littafi uku cikin mako guda. Ka tambaye shi abin da na farkon ya ce, sai ya shiga sosa ƙeya. Da irin waɗannan nake jayayya, shaiduna kuwa ruhubanawan Kirista ne na zamanin da, mutanen da suka ɗauki karatu hanyar sauraron Ubangiji.

Wajen shekara ta 529 wani mai suna Benedikt ya kafa gidan ibada bisa dutsen Monte Kasino a ƙasar Italiya, ya rubuta wa almajiransa ƙa'ida. Ya raba musu yini: ga lokacin addu'a, ga na aikin hannu, ga na karatu. In azuminsu na kwana 40 ya zo, sai a ba kowa littafi guda, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Har ya sa dattijo ɗaya ko biyu su riƙa kewayawa, kada wani ya ajiye littafi ya shiga hira. To, ya kai mai uku a mako, ka ji: guda ɗaya tak, a kwana 40.

Me suke yi da shi duk tsawon wannan lokaci? Wani shugaban ruhubanawa a Faransa mai suna Gigo, cikin ƙarni na 12, ya bayyana shi da misalin tsani mai hawa huɗu. Mutum ya karanta aya daga Linjila ko Zabura, ya juya ta cikin zuciyarsa, ya roƙi Allah a kanta, sa'an nan ya yi shiru yana jira. Ya kamanta abin da cin abinci: karatu shi ne kai loma baki, tunani shi ne tauna, addu'a ce ke fito da ɗanɗano, shirun kuwa shi ne zaƙin kansa. A wurinsu, mai addu'a yana yi wa Allah magana, mai karatu kuwa Allah ne ke yi masa magana. Wa ya taɓa ganin bara yana cewa Sarki ya yi sauri ya gama?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce ai wannan duba ne kawai, a buɗe littafi da ka, duk ayar da ido ya faɗa wa a ce ita ce amsa. Zai kawo labarin Agustin, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda a shekara ta 386 a birnin Milan ya ji muryar yaro tana umurni a ɗauka a karanta, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya tuba. Haka aka yi. Amma mai wannan magana ya manta Agustin ya shekara da shekaru yana bincike, yana sauraron wa'azin Ambros, limamin birnin, kafin wannan rana. Daga baya ma shi da kansa ya rubuta cewa ba ya son al'adar masu buɗe Linjila don neman sa'ar harkokin duniya.

Wani kuma ya ce, ruhubanawa ba su da iyali, mu kuwa ga gona, ga kasuwa. Almajiran Benedikt ma suna noma, suna girki. Mu kanmu ba baƙin wannan hanya ba ne: a makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai abin da ke kai ya zauna masa. Don me za mu koyi boko mu yar da wannan ladabi?

Ba na cewa kowace takarda nassi ce. Amma wanda ya saba haɗiye littafi ba tauna, haka zai yi wa takardar rance da ta jinginar gona. A ofis ana ganinsu, su leƙa sama, su leƙa ƙasa, su sa hannu don kada a ce ba su iya ba. Jahilin da ke dangwala yatsa ya kan ce a karanta masa sau biyu.