Ina Ƙaramin Ma'aikaci Zai Kwana Idan Aiki Ya Kai Shi Maiduguri?

Duk lokacin da takardar tafiyar aiki zuwa Maiduguri ta fito daga wata ma'aikata a Abuja, abubuwa uku ake fara tambaya a kansu: tikitin jirgi, motar da za ta tarbi tawaga, da jami'an tsaron da za su yi rakiya. Tambaya ta huɗu, wato inda kowa zai sa haƙarƙarinsa idan dare ya yi, ba kasafai take shiga takarda ba. Ɗakin shugaban tawaga tuni an kama shi ta waya a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na birnin. Sauran kuwa, akawu da mai riƙe jaka da jami'in yaɗa labarai da direba, kowa tasa ta fisshe shi.

A ƙa'ida gwamnati ta riga ta amsa wannan tambaya da alawus ɗin kwanan tafiyar aiki. Jadawalin da Hukumar Kula da Albashi ta Ƙasa ta fitar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumba, 2022, ya ware wa ma'aikacin da ke mataki na 1 zuwa na 4 Naira 10,000 a kowane dare. Mai mataki na 7 zuwa na 10 yana da Naira 17,500, darakta da mataimakinsa a mataki na 16 da 17 suna da Naira 37,500, babban sakatare Naira 70,000, minista kuma Naira 80,000. A cikin wannan kuɗi ne mutum zai kama ɗaki, ya kuma ci abinci. Wata tara bayan fara aiki da jadawalin aka cire tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wani abin lura ma shi ne, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024, Naira 70,000 a wata, daidai yake da kwana ɗaya na babban sakatare a wancan jadawali.

Amma ko da an ninka waɗannan alƙaluma gobe, akwai aibin da ke jikin tsarin kansa. An ɗaure kuɗin kwana da matakin ma'aikaci, ba a ɗaure shi da tsadar garin da aka tura shi ba. Mai otal ba ya tambayar matakin albashin baƙo kafin ya faɗi kuɗin ɗaki, kuma zafin watan Afrilu a Maiduguri, wanda kan wuce digiri 40, bai san darakta ba balle direba.

Tsadar masauki a Maiduguri tana da tarihinta. Tun daga wajen 2016, lokacin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka yi wa birnin tsinke, kasuwar ɗakuna ta koma bin aljihun masu kasafi da dala. An kama gidaje sukutum, an riƙe ɗakunan otal na watanni, kuɗin haya ya tashi har a unguwannin da Bature bai taɓa takawa ba. Sai kuma matsalar wuta. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka rushe turakun layin lantarkin da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, daga baya aka gina tashar lantarki mai amfani da iskar gas wadda aka ƙaddamar a Maris ɗin 2023. Mai masaukin da ya shafe shekaru yana sayen man dizal domin fanka ta juya, dole ya ɗora kuɗin a kan baƙo. Ba zalunci ba ne, lissafi ne.

To, ina ƙaramin ma'aikacin yake kwana? Duk wanda ya san tafiyar aiki ya san amsar. Wasu sukan haɗa kuɗi mutum uku ko huɗu su kama ɗaki ɗaya. Direba yakan kwantar da kujerar mota a farfajiyar otal ɗin maigidansa. Da yawa kuma, wataƙila mafi yawa, sukan ɗaga waya su kira wani abokin karatu, ko ɗan garinsu da aiki ko fatauci ya zaunar a Yerwa, su sauka a wurinsa a Lamisula ko Hausari ko Gwange.

A nan ne maganar ta fi nauyi. Lamisula na cikin tsofaffin unguwannin Maiduguri, a ɓangaren tsohon gari inda fadar Shehun Borno take, birnin da aka kafa a 1907 lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinsa. Saukar baƙo ba sabon abu ba ne ga mutanen wannan yanki. Kalmar fatoma, wato mai masaukin da ke karɓar fatake, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, daga bakin Barebari Hausawa suka aro ta. Ta wannan ƙasa ce maniyyata daga ƙasar Hausa suke bi a da su nufi Chadi da Sudan a hanyarsu ta zuwa Makka, kuma nan ne almajirai suke nufa idan aka ce sun tafi gabas neman Alƙur'ani. Gari ne da ya saba shimfiɗa wa baƙo tabarma tun kafin a san otal.

Sai dai akwai bambanci tsakanin fatoma da magidancin Lamisula na yau. Fatoma yana da la'adarsa a cinikin da baƙonsa ya yi. Magidancin yau ba shi da komai a aikin da ya kawo baƙon daga Abuja, sai ɗawainiya. Shi zai tashi 'ya'yansa maza daga ɗakin zaure, shi zai ƙara cefane, shi zai sayi ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, kuma kunya ba za ta bar shi ya karɓi ko sisi ba. Wannan kuwa mutum ne da unguwarsa ta ga abin da ta gani. Ofishin 'yan sandan Lamisula na cikin wuraren da aka kai wa hari a rikicin Yulin 2009, aka kuma yi shekaru ana kwana da dokar hana fita. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, inda dubban magidantan tsohon gari ke neman abinci. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin har da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Idan gwamnatin tarayya ta tura jami'inta ya duba aikin farfaɗo da Borno, ta kuma ba shi kuɗin da ba zai kama masa ɗaki ba, to giɓin da ta bari mutumin da aka zo taimaka wa ne yake cike shi daga tukunyar gidansa. Karamcin mutanen Borno ya zama wani sashe na kasafin kuɗin tafiye-tafiye wanda ba a rubuta ba.

Akwai kuma asarar da aikin kansa yake yi. Tawagar da ba ta da tabbacin wurin kwana takan tsara tafiyarta yadda za ta sauka da jirgin safe ta koma da na yamma. A cikin 'yan sa'o'in nan za a kai gaisuwa gidan gwamnati, a ɗauki hoto a bakin wani gini, a sa hannu a rajista. Rahoton da za a rubuta a Abuja zai ce an duba aiki. Wanda bai kwana a gari ba bai san ƙarfe nawa ake kawo wuta ba, bai san ko famfon da aka ƙaddamar da rana yana zubo da ruwa da asuba ba, bai zauna a majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i ya ji abin da ba a faɗa a gaban kwamishina ba. Ga waɗanda suke bin mota kuwa, maganar wurin kwana ta wuce batun jin daɗi. Abin da ya faru a Auno a Fabrairun 2020, inda aka hallaka matafiya kimanin 30 da dare ya riske su a cikin motoci bayan an rufe hanyar shiga Maiduguri, ya isa ya sa kowane shugaban sashe ya yi tunani kafin ya sallami direba daga Abuja ba tare da an san inda zai yada zango ba.

Wata mafita tana nan kusa, kuma wasu sun daɗe da gano ta. A Ingila, biranen Oksfod da Kambirij sun yi suna da tsadar masauki, saboda tsofaffin garuruwan jami'a ne da masu yawon buɗe ido ba sa yanke musu ƙafa. Amma zangon karatu a Oksfod mako takwas ne, sau uku a shekara, don haka ɗakunan ɗalibai da dama sukan zauna fayau na tsawon watanni. Kwalejojin sai suka mayar da su masaukin baƙi a lokacin hutu. Ɗaki ne mai gado ɗaya da teburin karatu, wani lokaci ma banɗakin na haɗaka ne, da karin kumallo a zauren cin abincin ɗalibai. Baƙo ya sami sauƙi a tsakiyar gari, kwaleji ta sami kuɗin gyaran gine-ginenta.

Maiduguri ma garin jami'a ne. An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, ga ta nan a kan hanyar Bama, ga asibitin koyarwarta, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat. Hedikwatar Hukumar Raya Arewa Maso Gabas tana cikin birnin, haka Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi. Gwamnatin tarayya ba baƙuwa ba ce a nan, tana da filaye da gine-gine da katanga da masu gadi. Gaskiya ne ba za a kwafo tsarin Oksfod kai tsaye ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'o'in Najeriya cike suke maƙil, kalandar karatu kuma ba ta da tabbas, tun da a 2022 kaɗai yajin aikin malamai ya ci wata takwas. Harabar jami'ar ma an taɓa kai mata hari a Janairun 2017, don haka ba wurin da za a buɗe wa kowa ƙofa ba ne. To amma ma'aikacin tarayya mai katin shaida da takardar turowa ba kowa ba ne. Abin da ake buƙata bai wuce ɓangare guda mai ɗakuna talatin ko arba'in ba, masu tsabta, da fanka mai aiki da sola, da ruwan burtsatse, a farashin da aka daidaita da alawus ɗin mataki na 8, kuɗin kuma ya shiga asusun makarantar ko hukumar da ta ba da wurin.

Masu ƙananan otal na cikin gari ma ya kamata a sa su a lissafi, kuma yanzu ne lokacin. Tun da Amurka ta janye mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje a 2025, ƙungiyoyin agaji da yawa sun rage ma'aikata a Arewa maso Gabas, kuma mai ɗakin da ya rasa tsohon abokin ciniki zai saurari wanda ya zo da alƙawarin baƙi na shekara guda. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya zai iya tantance wasu daga cikinsu tare da jami'an tsaro, ya ƙulla farashi da su, ya raba sunayensu ga ma'aikatu. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji haka suke yi wa ma'aikatansu, ba wani sabon ilimi ba ne. Masu cewa tsaro ne ya tilasta wa manya sauka a otal mai tsada suna da hujja, sai dai hujjar tasu ta fi ƙarfi a kan na ƙasa. Idan har garin yana da haɗarin da zai sa a killace darakta a bayan katanga biyu, da wane dalili za a bar magatakardansa ya tari Keke Napep da dare yana neman ɗaki a unguwar da bai sani ba?

Shi ma ma'aikacin yana da nasa rabon. Sanannen abu ne cewa wasu suna ɗaukar alawus ɗin kwana a matsayin cikon albashi, su matse a ko'ina domin su koma gida da canji. Da wuya a zargi mai iyali da wannan a halin da ake ciki, amma araha iri biyu ce. Ɗakin da ba shi da ruwa, ba ya rubuta sunan baƙi, kuma yake nesa da wurin aiki a garin da aka hana hawa babur tun 2011, kuɗin Keke da na ruwan leda za su cinye sauƙin da aka samu. Wanda kuma ya zaɓi sauka a gidan aboki a Lamisula, alhali an biya shi kuɗin kwana, mutunci ya ce ya shiga gidan da buhun shinkafa ko galan ɗin mai, kada ya fita da godiyar baki kawai.

Gyara mafi sauƙi ba ya ma buƙatar sabon kasafi. A biya alawus kafin a tashi, maimakon a bar ƙaramin ma'aikaci ya ci bashi ya tafi sannan ya yi watanni yana bin fayil daga tebur zuwa tebur. A kuma ƙara layi ɗaya a takardar amincewa da tafiya, inda za a rubuta sunan masaukin kowane ɗan tawaga, tun daga shugaba har direba, kada babban sakatare ya sa hannu sai an cike shi.