Kiɗan fada a yammacin Zamfara: Akwai masu sauraro, ina jagoran?

A shekarar 2023 aka sanar da cewa Gustavo Dudamel, ɗan Benezuwela, zai karɓi jagorancin babbar ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic a 2026. Ba ɗan masu hali ba ne. Ya taso ne a shirin El Sistema, wanda José Antonio Abreu ya kafa a 1975 don koya wa yara, galibi 'ya'yan talakawa, kiɗan gargajiyar Turai kyauta. Tun kafin shi, Leonard Bernstein ya shafe 1958 zuwa 1972 yana bayyana wa yara wannan kiɗa a talabijin ɗin Amurka: ya dakatar da makaɗa, ya yi bayani, sannan a ci gaba.

Mai karatu a Yargalma ko Gummi zai iya cewa ina ruwansa. Amma Zamfara na da nata kiɗan mai nauyi, kuma matsalar iri ɗaya ce.

Kiɗan fada, na kotso da taushi, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Shugaban makaɗa ne ke furta ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, shi ke sanin inda za a ƙara zafi da inda za a koma gindin waƙa. Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru duk a haka suka yi suna. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya gaji kiɗa daga mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda, ya fitar da shi daga zauren Maradun da Tsafe, ya yi wa Sardauna waƙa, rediyo kuma ta kai muryarsa ko'ina a Arewa kafin rasuwarsa a 1991.

Yau waƙoƙin ba su ɓata ba. Suna cikin memori da YouTube da TikTok. Sai dai matashi na iya kaɗa kai bai san wane sarki ake wasawa ba, bai gane zambo ko habaicin da aka ɓoye a ciki ba, balle tsofaffin kalmomin Zamfarci. Sautin ya iso, ma'anar ta tsaya a hanya.

Inda ake koyon sana'ar ma ya ƙuntata. Makaɗi yana koyo ne ta bin ubangida zuwa naɗin sarauta da hawan Sallah da biki. A Anka da Bukkuyum da Gummi, inda 'yan bindiga suka sa tafiya a wasu hanyoyi ta zama kasada, irin wannan yawo ya yi wuya. Tun bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999 kuma, jama'a da dama na kallon kiɗa da ɗari-ɗari, duk da cewa fadoji ba su rabu da makaɗansu ba.

Abin da za a ɗauko daga waje ba goge ko sandar jagora ba ne. El Sistema ya dogara da kuɗin gwamnati, ya kuma sha suka a kan haka, jihar da ke fama da 'yan gudun hijira ba za ta kwaikwaye shi ba. Dabarar Bernstein ta fi araha: mutum ɗaya da ya san kiɗan, ya iya magana, ya tsaya gaban waya da 'yan amshinsa yana warware waƙa ɗa bayan ɗa.

Kayan aikin na nan. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai, Jami'ar Tarayya ta Gusau na koyar da Hausa, fadojin Anka da Gummi da Bukkuyum na tsaye. Tsofaffin 'yan amshin da suka haddace waɗannan waƙoƙi daga bakin masu su ne ke ƙarewa.